Ɗan Acaɓar Roni a Tsakiyar Kogin Kwara

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Sale, ɗan acaɓa daga Roni, kuma ina so 'yan tasharmu su kasa kunne da kyau.

Ƙanwata Hadiza ce ta haihu a Nijar, a wani ƙauye da ke tsallaken kogin Kwara. Inna ba ta jin daɗin ƙafarta, sai ta aike ni suna da kayan barka. Abokaina suka ce da na ga ruwa zan juyo, tunda ko a tafkin garinmu ban taɓa wanka ba.

Na isa bakin kogi, ba gada, sai kwalekwale. Na yi bisimilla na shiga, na rungume kayan. Muna tsakiya igiyar ruwa ta ɗaga mu, jirgi ya karkata. Ni kuwa da na saba da babur, sai na zura ƙafa waje zan dogara! Mai fiton, wani dattijo, ya daka mini tsawa: "Yaro, mai da ƙafarka, nan ƙasa ta yi nisa!" Matan da ke ciki suka kwashe da dariya. Na ce, "Tuba nake, Baba." Takalmina ɗaya ya bi ruwa, amma kayan Inna ko ɗigo bai taɓa su ba.

Da takalmi ɗaya na shiga gidan suna, Hadiza na ganina ta fashe da kukan murna. A dawowa kuwa, gaban jirgi na zauna.

Ina gaida Inna, da Garba da Ado na tasha. Ragowar takalmin na rataye a babur ɗina. Wanda ya ce ban haye ba, ya je Kwara ya ɗauko ɗan'uwansa.