Filin Da Alhaji Ma'aruf Ya Bar Wa Barewa

Assalamu alaikum. Malam Liman, shugaban ƙungiyarmu, iyayenmu dattawa, Hajiya Rahina da 'ya'yanki, 'yan'uwanmu na Najeriya da Nijar, ina gaishe ku. Sunana Rilwanu. Shekara goma sha tara muna tare da marigayi Alhaji Ma'aruf a garin nan, kuma yau ban zo yin kuka ba, mun yi shi kwana arba'in.

Ya kasance mutum mai tashi bayan sallar asuba, ya saɓi kyamara ya nufi dazukan Summerfield neman barewa. Mu kuwa dariya muke yi masa. Ya dawo, mu tare shi da tambaya ɗaya: ina naman? Har muka laƙaba masa Sarkin Barewa, shi kuma ya amsa.

Sau ɗaya na bi shi, ran wata Asabar. Na ci ado da farar shadda, na fesa turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Awa uku muna tsugune cikin sanyi, ko jelar barewa ba mu gani ba. A mota ya ce mini tun daga titi bareyin suka sansano ni. Bai sake gayyatata ba, ni ma ban nema ba.

Ya kasance mai ƙa'ida biyu a aikinsa. In ya zauna gyaran hoto a kwamfuta, haske kawai yake daidaitawa, ba ya goge abin da Allah Ya ajiye a wurin. Sannan duk inda barewa ta fuskanta, sai ya bar fili a gabanta, wai kada a haɗa mata hanci da bango, a bar mata hanyar wucewa. Ya kasance haka yake yi da mutane ma. Mutum nawa a ɗakin nan ya ɗauko daga tashar bas ran da suka sauka, ya koya musu tuƙi, ya rubuta musu takardar neman aiki, sannan ya matsa gefe? Ina cikinsu.

Shekara huɗu yana bin wata barewa mai yagaggen kunne. Burinsa ya ga hotonta a rataye a wurin baje kolin hotuna na Elm Street. Ya samu hoton a kakar bara, sai ciwo ya kama hannuwansa kafin ya gyara shi. Wannan ne ya fi damunsa a asibiti, ya faɗa mini da bakinsa.

Ibtissam, 'yar marigayi kuma 'yata, ki yi haƙuri zan tona ki. Ke ce kike amsa wa Babanki da Turanci, ba ki taɓa bin sa daji ba. Amma ke kika buɗe kwamfutarsa kika ƙarasa aikin. Madam Perpetua mai shirya bajen, da kyakkyawar niyya, ta ba ki shawara a gyara kunnen, a yanke filin da ke gaba don barewar ta cika hoton. Ina tsaye a wurin. Kika girgiza kai, kika manta wa kike yi wa magana, kika ce da Hausa: “A bar mata hanya.”

Sai da na fassara mata. Ta ce a rataye shi haka.

Jama'a, tun jiya hoton yana bangon da ke kallon ƙofa, da sunan Ma'aruf a ƙasa. Hajiya Rahina, asubahin da kika yi ta dafa masa shayi bai tafi a banza ba. Mu da muka yi dariya, mun ji kunya, kuma muna alfahari.

Na gode muku. Allah Ya jiƙan Alhaji, Ya yalwata masa kabarinsa kamar yadda ya yalwata wa bayinSa, Ya albarkaci zuri'arsa. Bayan addu'a motoci na waje, za mu je mu gani tare. Ni dai yau ban sa turare ba.