Fim ɗin Hamsin da Bakwai

A kasuwar tsoffin kaya ta garin Dayton, tsohuwa Loretta ta ƙwanƙwasa teburin mai sayar da finafinai da sandarta.

"Fim ɗin 'yan sakandare masu kiɗan jita a rumbun hatsi nake nema, na shekarar hamsin da bakwai."

"Na sittin ne, Mama. Ga fostarsa, duba da idonki."

"Fostar sake haskawa ce, sakarai! Shekara goma kuna wahalar da ni da sittin ɗin nan."

"Ke kika shirya shi ne?"

"Ni ce mai rawa a layin baya, da saurayina Earl. A hamsin da takwas aka binne shi. Fatalwa na riƙe ke nan?"

Mutumin ya naɗe fostar, ya durƙusa ya jawo kwalin finafinan hamsin da bakwai.