Ammi Bassu Da Sanyin Da Ya Riga Lokacinsa

Da sunan Allah mai juya iska yadda Ya so, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Wakilin Kaidi hakimin yankinmu, limaminmu Si Mbarak, Amgar Addi shugaban makiyayanmu, dattawan garinmu Ait Sidar, uwarmu Lalla Tuda, 'ya'yan marigayi da jikokinsa, jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Ni ce Rabha, matar Asu, autan marigayi Ammi Bassu. Iyali sun ce in yi magana don ni nake wuni da Ammi Bassu tun da ganinsa ya yi rauni. Ku yi mini uzuri in kun ga idona yana kan taga. Mijina ba ya cikinmu. Yana binne mahaifinsa ya koma kan tsauni wurin tumaki tare da sauran mazajenmu, ga iska ta juya tun da safe.

Ammi Bassu ya kasance ma'aikacin ofishin hasashen yanayi a birnin Meknes, har ya yi ritaya ya dawo gida. Tun daga nan ba mu shanya sha'ir, ba mu sa ranar sausayar tumaki, sai mun aika an tambaye shi. Bai taɓa karɓar ko ƙwai ɗaya ba.

Ya kasance mai barkwanci. Kun san ni da littattafan soyayya. Yarjejeniyarmu ita ce in karanta masa babi ɗaya, sannan in buɗe taswirar yanayi a waya in faɗa masa abin da nake gani. Yakan ce jaruman littattafaina duk malalata ne, ba mai kiwo, ba mai faskare, sai tsayuwa ƙarƙashin taga. Amma in na tsaya, shi ne zai ce, "To, ya aure ta ko kuwa?"

Ya kasance mai haƙurin koyarwa. A farkon kakar nan na ce masa ina ganin wata babbar da'ira a kan teku, yamma da Turai, ta ƙi motsi. Ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce can sama akwai kogin iska mai gudu daga yamma zuwa gabas, shi ke ɗaure sanyin arewa mai nisa kamar ɗamara. Da'irar nan iska ce mai nauyi, baƙon da ya samu wuri ya miƙe ƙafa. Tunda ya tare hanya, dole kogin ya lanƙwasa ya kewaye shi, ya kwararo mana sanyin ta kan Sifen. A hanya kuma sanyin zai ɗebi danshin teku, wanda bai gama hucewa daga zafin bazara ba. Da ya ci karo da tsaunukanmu sai ya hau, ya sauke kayansa. Na ce ashe masoya ne biyu, sanyi da teku, aka raba su suka haɗu. Ya ce, "Ke 'yata, ko tukunya ta tafasa sai ki ce soyayya ce."

Washegari ya je gaban dattawa ya roƙi a buɗe makiyayar kwari da wuri. Dukanmu mun san dokar agdal: kwari a rufe yake har ciyawa ta zubar da iri, sai ranar da dattawa suka yanke. Amgar Addi ya ce in aka buɗe yanzu, baɗi me tumaki za su ci? Ya kuma tsokane shi cewa gajimaren waya ba ya jiƙa tunkiya. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Bai ga laifin Amgar ba. Ya ce mini dokar nan ce ta ciyar da kakanninmu.

Da dusar ƙanƙara ta fara sauka, gyadar dutse ma ba a gama kaɗe ta daga bishiyoyi ba, ya hau alfadarinsa da ya san hanya, ya je ya ce wa makiyaya su koma da tumaki cikin shingayen duwatsu na gefen kudu. Garkunanmu sun tsira. Shi ya dawo da ciwon ƙirjin da ya zama ajalinsa.

Dusar ta narke, muka ce ta wuce. Amma yana kwance ya tambaye ni ko baƙon ya tashi. Na ce yana nan. Ya ce, "To ta biyu na tafe, kuma ƙasa ta riga ta yi sanyi, wannan ba za ta narke ba." Yau da safe na sake dubawa. Baƙon bai gusa ba.

Lalla Tuda, kin rasa abokin zamanki, ba ki kuma son ki rasa ɗanki. Ke kika tuna mini da wani abu ɗazu a madafa. Doka ta ce wanda ya sauko da dabbobinsa kwari kafin ranar da aka yanke, zai yanka rago ya ciyar da gari. To, gidan Bassu ya yanka ragon sadakar marigayi, ga gari yana cin kuskus ɗinsa. Kin ce a lissafa shi tarar Asu. Amma mu ba Asu kaɗai muke roƙa wa ba. A cikin matan da ke zaune nan, Hadda tana da miji a kan tsaunin. Yamna tana da 'ya'ya biyu.

Amgar, Allah ya ja kwananka, na san kai kaɗai ba ka isa ka buɗe kwari ba sai dattawa sun cika. Dubi ɗakin nan. Ba wanda babu.

Na ga Si Mbarak ya gyaɗa kai. Na ga Amgar ya ɗauki sandarsa, alamar an yarda a buɗe kwari. Sauran abin da na shirya faɗa sai wata rana.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Ya Allah ka jiƙan Ammi Bassu, ka haskaka kabarinsa, ka bai wa Lalla Tuda haƙuri. Ka riƙe mana gajimaren nan har mazajenmu su sauko. Amin. Masu alfadarai, ku tashi ku kai musu saƙo, za a ajiye muku abincinku.