Ƙusar Salansa da Malam Iro Mai Walda

Salama alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Yohanna, malamin makaranta daga Kurmin Mashi.

Shekarun baya, ranar jajibirin Kirsimeti zan kai uwargida garinmu, sai na ce bari in ƙara ɗaure salansar babur ɗina. Garin matsewa ƙusar ta karye, guntunta ya maƙale cikin inji. Bakanike ya ce sai dai in sake kan injin. Haka na tura babur har Unguwar Sarki wurin Malam Iro mai walda.

Ya ɗora noti a kan guntun, ya haɗe su da walda, ya tafi alwala. Na ɗauki sifana zan murɗa, sai ya daka mini tsawa: "Malam Yohanna, gaggawarka ce ta karya ta! Bari ta huce." Da ya idar da azahar, murɗawa ɗaya ya yi ta fito. Kafin magariba muna gida.

Har yau guntun nan yana durowata, amma rumfar Malam Iro ta zama shagon kaset. Don Allah wanda ya san inda yake, ya gaya masa Yohanna mai gaggawa ya koyi haƙuri, yana nan yana jiran sa.