Jif Ɗin Malam Ta Sha Ruwa a Hanyar Gwiwa

Mamuda: Salamu alaikum. Wa ke magana?

Malam: Wa alaikumus salam. Mamuda makanike ne, na garejin bayan tashar Kazaure?

Mamuda: Shi ne. Wa... Af! Allah ya gafarta Malam! Malam Sharfuddeen! Hannuna ne duk baƙin mai, ban duba suna ba. Ina wuni, Malam?

Malam: Lafiya lau. Ya aiki?

Mamuda: Da godiya. Ya mutanen Roni? Ya Hajiya Rahamatu?

Malam: Tana nan lafiya. Ya ƙafar mahaifiyarka?

Mamuda: Da sauƙi, har tana taka ta zuwa maƙwabta.

Malam: Madalla. A ci gaba da gasa mata. Iyalinka fa?

Mamuda: Duk lafiya, suna gaishe ka. Ya ruwa, Malam?

Malam: Ruwa ya yi gyara.

Mamuda: Mu ma nan tun hantsi yake zuba, sai yanzu ya... Malam, kamar kukan rago nake ji.

Malam: Rago ne. Na sunan jikata, gobe da safe a Gwiwa.

Mamuda: Masha Allah! Allah ya raya. Ashe har kun isa.

Malam: Ba mu isa ba. A kan suri nake tsaye.

Mamuda: A kan me?

Malam: Suri, Mamuda, gidan gara. Nan kaɗai sabis yake kamawa. Hajiya tana ƙarƙashin bishiya riƙe da igiyar rago. Jif ɗina kuma, wadda ka yi wa aiki da hannunka, tana tsakiyar rafi, ta mutu.

Mamuda: Subhanallahi! Wane rafi? Ba titi kuka bi ba?

Malam: Yanke na bi, ta bayan gonaki. Shekara tara ina ratsa rafin nan da motar nan kowace damina, ko tari ba ta taɓa yi ba. Yau ruwa bai ma rufe taya ba, ta yi shaƙuwa sau biyu ta yi shiru.

Mamuda: Malam, don Allah, kafin komai, kada ka...

Malam: Kada ka katse ni. Na kira ne in shigar da ƙorafi, kuma zan shigar da shi bisa tsari. Abu uku ne. Na ɗaya...

Mamuda: Malam, makullin...

Malam: Mamuda! Shekara talatin da biyar ina koyarwa, ba a taɓa magana ina magana ba. A aji shida ma haka kake, bakinka yana riga kunnenka.

Mamuda: Tuba nake, Malam.

Malam: Na ɗaya. Ranar Talata, sha huɗu ga Mayu, ga shi a littafina, na kawo maka mota na ce tana nishi in za ta hau duwatsun Roni, tana kuma shan mai fiye da da. Haka ne ko ba haka ba?

Mamuda: Haka ne.

Malam: Ka buɗe bonet ka ce iska ce ba ta ishe ta, filta ta toshe. Na shigo garejinka da mota mai rai. Wata uku ke nan, ga ta a ruwa kamar mushen jaki. Wannan aikin wa ye?

Mamuda: Malam, ai ranar zaɓi na ba ka. Na ce ko dai mu sa sabuwar filta ta takarda, irin wadda motar ta zo da ita, a cikin tukunyarta ta roba. Ko mu sa wadda ake wankewa a mayar, ita ma cikin tukunyar. Ko kuma, tun da kana yawan shiga ƙauye, mu ja mata dogon bututu ya fito ta gefen gilashi har saman rufi, irin na motocin masu allurar rigakafi.

Malam: Na ce ba zan shiga gari da mota mai kama da injin niƙa ba.

Mamuda: Ka faɗa. Sai ka hango jar filtar nan mai kama da mazurari a rataye, da bututunta na ƙarfe, ka ce a ba ka kwalinta ka karanta.

Malam: Na karanta, har bayansa. An rubuta tana ƙara ƙarfi. Kuma ta ƙara, ban musa ba, ni ba na zalunci a ƙorafi. Amma wa ya sayar min? Wa ya ɗaura?

Mamuda: Ni ne. Amma a sama na ɗaura ta, Malam, kusa da batir. Ka tuna?... Halo? Malam?

Malam: ...zame... ƙafata ce ta zame, gara ta fara hawa min wando. Me ka ce?

Mamuda: Na ce a sama na fara ɗaura ta. Kai ka sa hannu wajen ka ce da zafi. Ka ce iska mai zafi sama take yi, mai sanyi ƙasa take kwanciya, inji kuma mai sanyin yake so. Har ka zana min a ƙasa da tsinke.

Malam: Kuma gaskiya ne! Kimiyya ce, ba ra'ayina ba.

Mamuda: Gaskiya ne. Sai ka ce in ƙara bututu in saukar da ita bayan bamba, gab da taya. Yanzu bakin da motar ke shaƙar iska bai kai gwiwar mutum daga ƙasa ba. Da, cikin tukunya, yana wajen ƙirjinka.

Malam: To! Mun zo na biyu ke nan, kuma shi ne babba. Kai ka san haka ranar?

Mamuda: Na sani.

Malam: Ka san in ta shiga ruwa za ta zuƙa?

Mamuda: Na sani, Malam.

Malam: Me ya hana ka faɗa?

Mamuda: Ai na nuna.

Malam: Ka nuna yaya?

Mamuda: Na sosa ƙeya. Na ce, "Damina dai tana tafe."

Malam: Kowa ya san damina tana tafe a watan Mayu! Ni na ɗauka zancen gona kake, har na ce maka na sayi iri. Sosa ƙeya magana ce? A wane darasi na koya maka haka?

Mamuda: Malam, ta yaya zan dube ka a gaban mutane in ce ka yi kuskure? Kai ka koya min rubuta sunana. Ranar ma na ja Daudu mai wayarin gefe, na ce shi da ya girme ni ya gaya maka.

Malam: Daudu bai ce min komai ba. Kujera ya kawo min da ruwan sanyi.

Mamuda: Shi ma ɗalibinka ne, Malam. Rabin garejin nan kai ka koyar. Muna tsaye mu biyar muna kallon juna, kowa na jiran wani.

Malam: Ku biyar. Magidanta biyar masu gemu, kuka tsaya kuna kallo ana haƙa min rami, don kunya.

Mamuda: Bayan ka tafi na yi ta cewa zan kira ka kafin ruwa ya kankama. Sau biyu ina lalubo lambarka ina fasawa. Na ce ai Malam titi yake bi.

Malam: Ladabin da ya bar ni a rafi da mace da rago! Ni na biya kuɗin aiki ne don a gaya min abin da ban sani ba. Da "to, Malam" nake nema, da na zauna a gida, ana ce min kyauta. To ka saurari na uku. Ina neman hakkina. Za ka zo nan yau. Za ka cire jan mazurarin nan ka mayar min da tukunyar asali...

Mamuda: Tukunyar tana gidanka, Malam. Ka ce kayanka ne, ka sa a but.

Malam: ...Hajiya tana zuba wa kaji dusa a ciki. Za a wanke. Sannan zan rubuta takarda zuwa ga shugaban ƙungiyarku, kwafi biyu, ba don a kore ka ba, don a kafa doka: makanike ya faɗi gaskiya ko ga ubansa ne. Ka ji?

Mamuda: Na ji, kuma na yarda, ko kwafi goma ne zan sa hannu. Yanzu don girman Allah ka bar ni in faɗi abu ɗaya.

Malam: Na gama. Faɗi.

Mamuda: Kada ka taɓa makulli. Kada ka tada ta, kada ka bari kowa ya tura ta a giya. In ruwa ne kawai ya shiga ta mutu, da sauƙi. In zo in kwance fulogi, in juya inji ruwan ya feso waje, a juye baƙin mai, a shanya, gobe da ita za ka dawo daga suna. Amma makullin nan, cire shi ka sa a aljihu... Halo? Sabis ne? Malam, kana ji na?

Malam: Ina ji.

Mamuda: Ka ji abin da na ce kan makulli?

Malam: In an riga an taɓa fa?

Mamuda: Malam...

Malam: Tambaya na yi. In an riga an taɓa?

Mamuda: Sau nawa?

Malam: Huɗu. Mota ta mutu, me mutum zai yi in ba ya tada ta ba? Na farko ƙarfe biyu da minti goma, ta yi gurnani ta tsaya. Na ba ta minti biyar ta huta. Na biyu haka. Na uku na taka totur har ƙasa, na ce ko za ta tofar da abin da ta sha.

Mamuda: Na huɗun fa?

Malam: Wasu manoma suka zo wucewa, mutanen kirki, suka tuɓe riguna suka shiga ruwa. Suka ce batir ne ya yi sanyi. Suka tura, na sa giya ta biyu na saki kuloci.

Mamuda: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam: Ta yi wata ƙara, ƙwas, kamar an sare icce. Sau ɗaya. Tun daga nan in na murɗa makulli sai dai ƙit, ƙit. Ba ta ko juyawa.

Mamuda: Malam, ka leƙa ƙarƙashinta? Akwai mai a kan ruwan?

Malam: Daga nan ina hango wani abu yana sheƙi yana bin ruwa, launi-launi. Na ɗauka na salansa ne.

Mamuda: Salansa ba ta da mai.

Malam: Yi min bayani. Ina son in fahimta.

Mamuda: Fistin iska yake matsewa, Malam. In ya tarar da ruwa a gabansa, ba inda zai je. Ka taɓa kawo mana sirinji aji, ka toshe bakinsa da yatsa. Da iska ya danne. Ka cika shi da ruwa ka ce duk mai ƙarfi ya fito, muka yi layi, ba wanda ya motsa shi.

Malam: Ruwa ba ya matsuwa.

Mamuda: Haka ka sa muka rubuta.

Malam: Na tuna sirinjin. Daga asibitin sha-ka-tafi na roƙo shi.

Mamuda: Amma dai sai an buɗe an gani, Malam. Wataƙila Allah ya sa... wani lokacin akan dace... kada ka sa damuwa, in sha Allahu...

Malam: Mamuda. Kana sosa ƙeya yanzu, ina ji a muryarka. Ka daina. Ka ɗauka wani direban tasha ne ya kira ka. Me za ka ce masa?

Mamuda: ...Zan ce masa injin ya tafi. Sandar fistin ta karye, kuma tun da mai yana fita, ta huda jikin injin ta fito. Wannan ba a ɗinke shi. Sai wani injin.

Malam: Ana samun irin nata?

Mamuda: Ta tsufa, Malam. Sai an yi ta nema a Kano, na hannu, in an dace.

Malam: Da giratutina na saye ta. Ba a ba mutum sau biyu.

Mamuda: Na sani, Malam. Ka yafe min. Da na buɗe baki ranar...

Malam: Da ka buɗe, da na ce kada ka katse ni.

Mamuda: Malam, bar wannan yanzu. Hadari ya sake haɗowa ta gabas, in ruwan sama ya sauko rafin nan zai tafi da ita gaba ɗaya. Manoman suna nan? A nemo shanun huɗa biyu da igiya mai kauri, a ɗaura a ƙarfen baya, ban da bamba. A sa ta firi, ba a giya ba, a ja ta baya zuwa tudu.

Malam: Sun koma gona. Na yi musu godiya sosai, na ce sun yi iyakar ƙoƙarinsu.

Mamuda: To ga ni nan a babur, ni da Daudu. Wane yanken ne? Ta ina zan sauka daga titi?

Malam: Ga matar nan ta kamfanin waya tana cewa kuɗina saura minti ɗaya.

Mamuda: To yi sauri, Malam! Kafin kwalbati ne ko bayansa?

Malam: Hajiya ta taso. Tana tahowa da ragon, tana murmushi. Ta ga na daɗe, ta ɗauka na ci ka da faɗa ka amsa laifi, yanzu za a zo a gyara. Ita ta ce mu bi titi, Mamuda. A hankali ta faɗa, sau ɗaya, tana kallon taga. Me zan ce ma...

Mamuda: Malam, kwatancen! Ta ina zan... Halo? Malam? Malam Sharfuddeen! Daudu, ajiye wayarin nan ka tada babur. Ban sani ba, wallahi ban san wane rafin ba.