Jar Ƙofar Doreen

A tashar bas ta unguwar Peckham, wata tsohuwa mai suna Doreen ta bar motar da take jira ta wuce. Wani mai fenti da ke zaune gefenta ya dube ta.

"Mama, ba motarki ba ce?"

"Ita ce. Wurin lauya zan je in sa hannu a sayar da gidana, ƙafar ce ta ƙi." Ta nuna dogon benen da ke tsallaken titi. "Ka ga tagar can ta sama?"

"Gidajen hukuma? Ai a irinsu aka haife ni."

"To ka san ƙofofin duk koraye ne. Ranar da muka sayi namu daga hannun hukuma, marigayi mijina ya shafa wa tamu jan fenti don kowa ya sani. Yanzu hukumar ce za ta sake saye. Wai dama ƙasar tata ce, rufin ma nata."

"To me kike sayarwa, iska?"

"Shekarun da suka rage mini a yarjejeniyar zama a gidan, wai." Idonta bai bar benen ba. "Da safe hazo kan rufe garin, sai mu ji kamar a jirgin ruwa muke, ni da marigayin."

"Mu uwata ba ta samu saye ba. Yanzu ni hukumar ke turawa in mayar da ƙofofin nan koraye."

Doreen ta dubi koren fentin da ke hannunsa. Wata motar ta tsaya.

"In ka zo kan tawa, ɗana, ka bar mini gefenta na ciki ja yadda yake."

Ta ɗauki sandarta ta hau.