Jar Hula a Garin Dunmore

Ina jiran mota a shagon gyaran taya na Dunmore, sai wata dattijuwa ta tsare wani baƙo mai jar hular Kwalejin Wexley.

"Bawan Allah, ba ka da kunya? Wannan hular a garinmu?"

"Taya ce ta fashe, Iya, ba tsokana ba."

"Zauna. Saƙo za ka kai wa kocinku na ƙwallon Amurka. Ka ce na gode."

"Godiyar me? Mu da muka yi muku dukan kawo wuƙa bara, muka ɗauke ƙararrawar da ake gasar a kanta?"

"Da aka rushe rukunin gasar da kwalejin garinmu take ciki, kowace kwaleji ta goge sunanmu daga jadawalinta. Hukumarmu ta ce tunda babu abokan karawa, a sallami 'yan wasa. Jikana kuwa ɗan wasa ne, yana shekararsa ta ƙarshe. Kocinku ya soke wasansa na gida, ya kwaso yaransa ya zo filinmu. Da sauran suka gani, suka biyo baya."

"Ba tausayi ba ne fa, Iya. In babu ku, wa za mu tsana?"

"Na sani. Ni ma ban fasa tsanarku ba."

"To, bana ma lallasa ku za mu yi."

"Ku dai zo," in ji ta.